Rabin Lemun Tsami A Bayan Rumbu

Da wannan kaka shekara bakwai ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata. Na ce da wannan kaka don ban san ranar ba. Ba a gaya mini a lokacin ba, da na tambaya daga baya kuma sai aka ce ana cikin yankan gero ne, wai wannan ya isa. Bai ishe ni ba, amma shi na samu.

Edita, ka yi haƙuri da ni, ban iya doguwar gaisuwa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne a 'yan kwanakin nan an so a yi amfani da sunan matar nan a hana ƙanwata Kulu tafiya makaranta. Kulu ta gama elementare a Bungudu, ta ci jarrabawa, an ce ta tafi babbar makarantar kwana ta 'yan mata a Sakkwato, wadda ni ma na yi. Sai ga Kawu, yayan Inna, ya taso tun daga Tsafe ya zauna a zauren Baba yana cewa baƙin cikin tafiyata ne ya kashe 'yar'uwarsa, kuma da tana raye ba za ta yarda a ɗauke mata ta biyu ba. Mutane suna ta gyaɗa kai. Ita ba ta nan balle ta ce ba haka ba ne. Ko da tana nan ma ba za ta ce komai ba, kuma a nan maganar take.

Ni ce 'yar farin Inna. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Sunana Saratu, amma a bakinta ni ce "waccan", ko "ɗiyar Goggo", ko kuma ba kowa ba. Ba ta goya ni a gaban mutane ba, ba ta yi mini kitso ba, in na faɗi na fasa gwiwa sai ta dubi wani wuri har wata ta zo ta ɗaga ni. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar Baba, da ke aure a Bungudu. Ita ta riƙe ni, ita ke da ikon yi mini faɗa, ita ke da ikon kuka a kaina. Ƙauyenmu yana can bayan Karakkai, ina zuwa da salla da lokacin kaka, in durƙusa in gaida Inna, ta amsa tana kallon tukunya. Ba a ɗauki wannan mugunta ba. Kunya ce, kuma an yabe ta a kai. Mata suna cewa ba a taɓa ganin mai alkunya kamarta ba.

Zamana a Bungudu shi ya sa aka sa ni elementare, kuma ba wanda ya damu sosai, tun da da azahar ina gida ina yi wa Goggo tallan ƙuli. Rigima ta tashi ne da aka ce mu uku daga ƙauyenmu mun ci, za a wuce da mu Sakkwato: ni, da wata Lami, da wani yaro ɗan maɗinki.

Na sha jin 'yan birni suna cewa mutanen ƙauye sun ƙi makaranta don suna tsoron 'ya'yansu su kafirta. An faɗi haka a ƙauyenmu, amma ba shi ne ya hana mutane barci ba. Abin da ya hana su barci Isa ne, ɗan Malam Garba. Shi ne na farko da aka kai makarantar Midil ta Sakkwato daga garinmu. A bazarar da sanƙarau ya yi ɓarna, ciwon ya kama shi a can, ya mutu a can, aka binne shi a can. Abin da ya iso gida akwatinsa ne, a kan wani ɗan dako, da tabarmarsa a naɗe. Uwarsa ta buɗe ta sami rigunansa a wanke a ninke. Na ga akwatin nan da idona, kore ne, an rubuta sunansa da farin fenti.

Sanƙarau ya kashe yara a ƙauyen ma, ba a Sakkwato kaɗai ba. Amma waɗannan an ga ciwonsu, an riƙe kansu, an yi musu wanka, an san inda suke kwance. Da aka taru a ƙofar maigari kan maganarmu, mu yara da mata muna laɓe a bayan darni, hedimastan Bungudu ya yi bayani mai kyau. Ya ce akwai abinci, akwai magani, akwai malamin Alƙur'ani, kuma ƙasa tana bukatar 'ya'yanta su iya aiki. Maɗinki ya goyi bayansa, ya ce ya gaji da ganin baƙo a kan sikelin auduga a Gusau. Sai Malam Garba ya miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Ni ban ce kada a yi karatu ba," in ji shi. "Ku hwaɗa mani inda kabarin ɗana yake, in tahi in tsaya kansa. Wanda duk yas sani shi hwaɗi."

Ba wanda ya sani. Hedimasta ya ce zai tambaya. Taron ya watse a haka, gari kuma ya rabu biyu. A daminar nan masu cewa a tafi ba su je gayyar masu cewa kada a tafi ba. Maɗinki ya yi noman farko shi da ƙannensa kawai. Wasu suka daina kai masa ɗinki, suna tafiya har Bungudu don ɗinkin wando. A rijiya mata sun daina ara wa juna guga.

A gidanmu kowa ya yi magana. Goggo ta taho da ni daga Bungudu tana kuka tun daga hanya, ta ce ita ta ci kashina da fitsarina, ba za a mai da mata ni akwati ba. Baba yana tsoron hakimi, wanda ya ce lalle a tafi da mu, yana kuma tsoron Goggo, ban san wanda ya fi tsoro ba. Kawu ma ya zo daga Tsafe a lokacin, ya ce nasa. Mutum ɗaya ce ba a tambaya ba, ba ta kuma ce uffan ba. Wa zai tambayi uwa ra'ayinta kan 'yar fari? Ai zagi ne. Masu so a tafi suka ce shirunta yarda ce. Masu ƙi suka ce dubi yadda ta rame. Ita tana daka, tana tankaɗe, tana goyon Kulu.

Ba a iya ce wa hakimi a'a kai tsaye, sai mata suka samo hanya. Dokar ita ce ba a ɗaukar yaro makarantar kwana sai an yi masa lamba, wato tsagar nan ta rigakafin agana a damtse, kuma sai ta kama ta tashi. Yawancinmu ba a taɓa yi mana ba, don da an ji mai lamba ya doso gari ake kwashe yara a shige cikin dawa. Ni ma Goggo ta sha ɓoye ni a bayan randa. To wannan karon ba gudu, tare da dogarin hakimi mai lamba zai zo. Amma mata sun san cewa in aka yi sauri aka goge tsagar da lemun tsami kafin ta bushe, ba ta kamawa. In mai lamba ya dawo dubawa ya ga ba ta tashi ba, sai ya ce sai wani zagayen. Kafin wani zagayen motar makaranta ta tafi. Ba wanda ya yi wa hukuma gardama, jinin yarinya ne bai karɓa ba.

Aka shirya haka a gidanmu. Baba bai ce a yi ba, bai ce a bari ba, ya dai ce shi bai ga komai ba.

Ranar da mai lamba ya zo, da hantsi, ya zauna a gindin tsamiyar ƙofar maigari da ɗan akwatinsa da fitilar da yake gasa ƙarfen. Ya kama hannuna na hagu ya ja layi, jini ya ɗan tsattsafo, ya ɗiga maganin. Ya ce in zauna a inuwa har ya bushe. Yana juyawa kan Lami na ji an fizge ni ta kafar darni. Goggo ce. Muna shiga gida ta zaro lemu daga ƙullin zanenta ta raba shi biyu da wuƙa. Sai ta dubi hannun, ta dubi fuskata. An ce abin yana da zafi kamar wuta. Ta kasa.

Ta juya ta ga Inna tana tsaye da taɓarya.

"Ke, zo nan," in ji Goggo. "Ke da ba ki jin ta a rai, amshi ki goge mata. Ni ban iyawa. Ki murza da kyau, kada ki ji tausai."

Na daɗe ina juya wannan magana. Goggo ta haifi nata ɗan farin, ita ma ta yi masa kunya, ta san yadda abin yake daga ciki. Amma shekara da shekaru tana ganin Inna tana kau da kai, har ta yarda da abin da idonta ke gani. Duk gidan sun yarda. Ni ma na yarda. Da Inna ta ajiye taɓarya ta karɓi lemun, na tabbata wannan matar za ta murza har ƙashi.

Ta kama wuyan hannuna ta ja ni bayan rumbu. Ba ta dube ni ba. Ta ɗaga hannun hagun sama, ta riƙe shi nesa da jikina. Sannan ta matse lemun a hannuna na dama, wanda ba a taɓa ba, ta shafa shi tun daga kafaɗa har gwiwar hannu, har warin ya cika wurin. Ina tsaye baki buɗe. Sai ta kai hannu ta mintsine ni a cinya, mintsini na gaske. Na ƙwala ihu. Daga tsakar gida na ji Goggo tana cewa, "Sannu ɗiyata, sannu, yanzu shi wuce."

Muka tsaya a nan. Tana riƙe da hannuna a sama, fuskarta tana wajen bangon rumbu, ni ina shessheƙa. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san ban taɓa jin hannunta a jikina ya daɗe haka ba, tafinta da kaushi, yana da ɗumi. Da tsagar ta bushe ta sauke hannun a hankali, ta ja mini mayafi a kai. Sai ta yi magana, ba da ni ba, da bangon rumbu:

"A gaya ma waccan kada ta sosa."

Ta koma ta ɗauki taɓaryarta.

Ban sosa ba. Lamba ta kumbura ta yi ruwa, na yi zazzaɓi, mai lamba ya dawo ya duba ya ce ta kama sarai. Ta Lami ba ta kama ba. Goggo ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka, ta ce lemun bana ba shi da tsami, ta tsine wa itacen da wanda ya dasa shi. Inna tana tankaɗe. Ranar da muka tafi ma ba ta raka ni ko ƙofar gida ba. Goggo ce ta bi motar da gudu a tashar Bungudu har ɗankwalinta ya faɗi.

Kada wani ya zaci zan ce na je na ga tsoron mutanenmu na banza ne. Ba na banza ba ne. Na yi shekarun nan da tsoro a wuyana, kuma a wuya nake nufi. An gaya mana alamar sanƙarau ita ce wuya ya ƙi lanƙwasawa. Saboda haka kowace safiya, kafin mu sauko daga gado, duk 'yan ɗakinmu sai mun sunkuyar da kai mu ga ko haɓa za ta taɓa ƙirji. Ba wanda ya koya mana, ba ma kuma yin maganarsa. Ka ga yara a jere suna sunkuyawa shiru kamar masu gaida sarki. In bazara ta yi zafi wata ta ce kanta na ciwo, sai ka ga an janye tabarmi daga kusa da ita. An taɓa fita da wata 'yar Argungu daga ɗakinmu a kan makara ta asibiti. Ta warke, amma ta dawo ba ta ji da kunne ɗaya. Akwatina kore ne irin na Isa, don a kasuwar Gusau iri ɗaya ake sayarwa. Na juya shi ta yadda sunana zai fuskanci bango.

Duk tsoron nan, nawa da na gida, a kaina yake. Ni ce zan mutu a nesa. Ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa abin zai iya zuwa ta ɗaya gefen.

A shekarata ta biyu na dawo hutu, an riga an kai dawa rumbu. Mota ta sauke ni a Bungudu da la'asar sakaliya. Ina ɗora akwati a ka, wata mai ƙosai da ta san ni tun ina talla ta kira ni.

"Saratu 'yan makaranta! An dawo? Ya haƙuri kuma? Allah shi jiƙan ta, shi sa ta huta."

Na ce, "Wa?"

Ta dube ni. Ta sa hannu ta rufe bakinta. Sai ta kama zuba mini ƙosai a ganye, tana zubawa tana zubawa har yana faɗuwa ƙasa, tana cewa in ci, in ci da zafinsa.

Haka na ji mutuwar uwata. Shawara ce ta kama ta, idonta ya yi ɗorawa, ba ta daɗe ba. An yi bakwai, an yi arba'in, ina can ina koyon ɗinkin matashi da lissafin kashi. Motoci suna zuwa Sakkwato kullum. Da na tambayi Goggo don me ba a aiko ba, ta ce, "Munka ce kina nesa, kada hankalinki shi tashi. Kuma ai ba ki saba da ita ba." Na shiga bayan gida na cusa zane a baki.

Ni aƙalla an nuna mini inda take kwance. Malam Garba har yau yana nan, ya tsufa, kuma in ya ga wani ya sauko daga motar Sakkwato sai ya matso ya gaishe shi ya tsaya, kamar akwai saƙo.

Yanzu ina koyarwa a Gusau. Na wuce gaba da karatu, na yi aure, ina da 'ya. Gari ya cika da maganar mulkin kai, motoci masu lasifika suna zagaya kasuwa, kowa na cewa za a bukaci malamai mata da masu aikin asibiti. Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga wannan zamani, ta gan ni da alli a hannu a gaban yara. Amsar gaskiya ita ce ba za ta ce komai ba. Za ta sami wata tukunya ta kalla. Lami kuwa, wadda aka goge wa lamba, tana nan lafiya lau a Nahuce da 'ya'yanta, ta fi ni ƙiba, ta fi ni dariya, kuma tana zaune kusa da uwarta. Agana ba ta taɓa ta ba. Ba zan yi ƙarya in ce ta yi asara don labarina ya yi daɗi ba.

Shekara tara ban gaya wa kowa abin da ya faru a bayan rumbu ba. Da tana raye, faɗarsa tona mata asiri ne: ta yaudari yayar mijinta, kuma ta nuna tana jin 'yar fari a rai, ban san wanne ya fi zama abin kunya ba. Bayan ta rasu kuma sai na ga shi kaɗai ne abin da muka taɓa yi tare, ban so in raba shi da kowa. Amma da na ji abin da Kawu ke faɗa, na ga in na yi shiru za a sa mata magana a baki, a rufe Kulu da ita.

Ranar Juma'ar da ta wuce na goyi 'yata na hau mota. Na tarar da su a zaure bayan an sauko masallaci, Baba da Kawu da wasu dattawa biyu. Na durƙusa a bakin ƙofa ta ciki na gaishe su. Kawu ya ce mata ba su shiga wannan magana. Na ce ba shiga zan yi ba, abu zan nuna. Na janye mayafi daga damtsena na hagu, na faɗi abin da na faɗa muku, ban rage ba.

Kawu ya yi tsaki. "Wagga ƙarya ta yi yawa. Abin da boko ka koya maku ke nan, ku ƙaga magana ku liƙa ma matattu. Ni na san ƙanwata."

Baba bai ɗago ba. Shi ma ba ya kiran sunana. Tun da na fara aiki ya sami sauƙi, yana ce mini Malama.

"Ba ƙarya Malama ta yi ba," in ji shi. "Ina cikin rumbun. Na shiga hiddo dawa sai na ji su. Na ji ihun, na ji abin da tac ce."

Kawu ya ce to don me bai fito ba.

"In hito in ce mi? In dube ta, ta dube ni, ga yarinya tsaye?" Ya shafa gemunsa. "Na zauna cikin zahi har sunka tahi."

Na tambaye shi ko ya taɓa yi mata maganar daga baya. Ya ce a'a. Ko ta san ya ji? Ya ce bai sani ba. Mutum biyu, ɗaki ɗaya, sun san abu ɗaya kan 'yarsu, har ɗaya ta mutu ba su furta shi ba. Na so in yi ihu. Daga bayan darni sai muka ji muryar Goggo, wadda ashe tana laɓe tun farko: "La'ilaha illallahu! Ashe shekara tara ina zagin itacen lemun banza!" Ɗaya daga cikin dattawan ya tuntsire da dariya, ya mai da ita tari.

Kawu ya tashi ya sa takalmi, ya ƙi tsayawa cin tuwo. Amma kafin ya fita ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce in dubi fuskar uwata a zuciyata. Na duba. Duk ramukan agana ne, tun tana yarinya a Tsafe, a shekarar da ciwon ya ɗauke musu ƙanne biyu. Ya ce, "To ki sani ba makarantarku ta so ba. Agana taka tsoro."

Wataƙila gaskiyarsa ne. Wannan ne abin da ba zan taɓa sani ba, kuma ba zan cika jarida da abin da ban sani ba. Ko ta so in yi karatu, ko ta so kawai kada fuskata ta zama irin tata, ko duka biyun. Abin da na sani shi ne ta san sarai in lamba ta kama mota za ta tafi da ni. Ta ga akwatin Isa kamar yadda kowa ya gani. Tsoro biyu ne a gabanta, ba wanda ya tambaye ta, ba ta da bakin faɗa, aka kuma sa mata lemu a hannu. Ta zaɓa. Wanda ya ce ita ce za ta hana Kulu, bai tsaya a bayan rumbun nan ba.

Baba ya ce Kulu ta tafi. Sai ya ƙara da cewa, "Amma Malama, ke za ki riƙe hannun." Na gane abin da yake nufi. In akwati ya dawo, a ƙofata za a sauke shi.

Ina tsoro, ba zan ɓoye ba. Na fi tsoro yanzu fiye da lokacin da ni ce mai tafiya. Bazara za ta zo, na san ɗakin da za ta kwana, na san yadda za ta koyi sunkuyar da kai da safe ba tare da kowa ya koya mata ba. An daɗe ana cewa za a gina irin makarantar nan kusa da mu, tun ina aji ake faɗa. Har a gina, iyayen da suka ƙi ba mahaukata ba ne, kuma duk malamin da ya je ƙauye ɗaukar yara ya fara da amsa tambayar Malam Garba kafin ya buɗe baki kan ci gaba. Abu ɗaya na sa Baba da Goggo suka yi mini alkawarinsa a gaban dattawan nan: in wani abu ya sami wani a gida, za a gaya wa Kulu a lokacinsa, ko da ni ce zan hau mota in kai labarin. Ba za ta ji daga bakin mai ƙosai ba.

Me ya rage na Inna? Ba hoto. Kwanukanta an raba. Muryarta ma, in na nema, jimla ɗaya nake samu. Na yi rantsuwa tun ina makaranta cewa in na haihu zan kira 'yar farina da sunanta a tsakiyar kasuwa, kowa ya ji, a ce ba ni da kunya. Da aka zo suna sai Baba ya roƙi a mai da sunan marigayiya. Yanzu ga ni da 'ya mai sunan uwata, bakina ba ya iya furta shi, Uwani nake ce mata. Amma ina goyon ta a gaban kowa, in ta faɗi ni ke ɗaga ta. Sai kuma wannan tabo a damtsena, mai faɗin kwabo, wanda nake shafawa in ina tunani ba tare da na sani ba.

Ranar Litinin na kai Kulu ɗakin magani a Bungudu aka yi mata lamba. Goggo ta biyo mu, na ce ta kwance ƙullin zanenta in gani. Goro ne kawai. Muka fito muka tsaya a inuwar bango. Na kama wuyan hannun Kulu na ɗaga shi sama, nesa da jikinta. Ta ɗago tana dubana, tana jira in ce mata ba komai. Ban ce ba, don ban sani ba. Na dai dube ta a ido har tsagar ta bushe, sannan na ce, "Kulu, kada ki sosa."